Gyaran tsohuwar hanyar ƙarƙashin kogi a birnin Rotardam

  

Yau hirarmu za ta kai mu nesa, har ƙasar Holan, cikin Turai. Za mu yi magana bisa wata hanyar mota da ta bi ta ƙarƙashin kogi. Jiragen ruwa na wucewa a sama, motoci na wucewa a ƙasa. Hanyar nan ta tsufa, ciwo ya kama ta, aka gyara ta daga shekarar 2017 zuwa 2019. An sake mata ƙashi da jijiya, amma aka bar mata fuskarta yadda magina na farko suka yi ta. Ƙaƙa aka yi haka, kuma don mi? Wanda ke riƙe da takardar nan ya bi mu sannu-sannu da yatsa, don akwai lambobi a ciki.

Don mi ba a yi gada ba?

Rotardam babban birni ne. Tashar jiragen ruwansa ita ce mafi girma a Turai duka. Wani kogi mai faɗi, wanda ake ce ma Mas, ya raba birnin gida biyu, arewa da kudu. Tsakiyar gari da manyan shaguna suna arewa. Leburorin tasha da iyalansu, da yawansu suna kudu. Kowace safiya sai an ƙetare, kowane marece sai an komo. A da, tsohuwar gada da jiragen fito su ke wannan aiki, kuma sun kasa. Dattawan Yamai sun san irin wannan wahala, don sun ga zamanin da ake jiran jirgin fito a bakin kogi, kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970.

Sai gardama ta tashi. Gwamnatin ƙasa ta ce a yi sabuwar gada. Hukumar birnin ta ce a'a, a bi ta ƙasa. Hujjarta ita ce manyan jiragen teku na shigowa cikin kogin, kuma in ana so su wuce ba tare da sun taɓa ba, sai an ɗaga gadar sama wajen mita 60. Ku duba doguwar giginya, ku ɗora wata bisa kanta, har yanzu ba ku kai ba. Mai keke ƙaƙa zai hau wannan tudu kullum? Birnin ya ci gardama. Aka soma aiki a 1937.

Yadda aka gina ta

Wani zai yi tsammanin haƙa aka yi, irin ta gafiya. Ba haka aka yi ba, don ƙasar wurin taɓo ce da rairayi, ba ta riƙe rami. Ga dabarar da suka yi.

Suka gina manyan akwatuna 9 a wani wuri busasshe a gefen kogi. Da kankare suka gina su, wato siminti da tsakuwa da rairayi, da sandunan ƙarfe a ciki. Kowane akwati tsawonsa ya ɗara mita 60 kaɗan, faɗinsa wajen mita 25. Suka toshe bakinsa gaba da baya. Kun san gorar masunta: in bakinta na rufe, ko da mutum a kanta ba ta nutsewa. To, haka akwatin nan, duk da nauyinsa, ya taso bisa ruwa. Jirage suka ja shi zuwa tsakiyar kogi. Kafin nan an riga an yashe wani dogon kwari a gindin kogin. Sai aka ƙara ma akwatin nauyi, ya sauka a hankali cikin kwarin. Aka kawo na biyu, aka haɗa bakinsa da na farko. Haka har guda 9. Aka tura rairayi a ƙarƙashinsu da famfo don su zauna daram, aka rufe bayansu da ƙasa. Daga ƙarshe aka fasa bangayen da suka toshe bakunan. Hanya ta buɗe daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Ga ɗan lissafi don masu allo a hannu: 60 sau 9, nawa ke nan? 540. To, wannan na cikin kogi ne kawai. In aka haɗa da gangaren shiga da na fita, tsawon hanyar duka mita 1,373 ne, kusan ninki biyu na gadar Kennedy. Mita 1,070 daga ciki rufe suke, ba a ganin sama. Wuri mafi zurfi ya kai wajen mita 20 ƙasa da fuskar ruwa. Ita ce hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa ta farko a Holan, kuma a duniya duka nan aka fara nutsar da akwatunan kankare masu kusurwa huɗu irin waɗannan. Mutanen ƙasar na kiranta Maastunnel.

Ana cikin aikin sai yaƙin duniya na biyu ya iso. Ran 14 ga watan Mayu 1940 jiragen saman Jamus suka yi ma Rotardam ruwan bama-bamai. Tsakiyar birnin ta ƙone ƙurmus. Ɗaruruwan mutane suka mutu, kusan 80,000 suka rasa gidajensu. Hanyar ƙarƙashin kogi ta tsira. Aka ƙarasa ta ƙasar na hannun sojan Jamus, aka buɗe ta ran 14 ga watan Fabrairu 1942, shiru, ba kiɗi ba biki. Ku riƙe wannan, don shi zai fahimtar da ku abin da ya sa mutanen birnin ke ƙaunarta. Garin da ya rasa tsoffin gine-ginensa rana guda, ɗan abin da ya rage masa yana da tsada a zuciyarsa.

Mi ke ciki?

Hanyoyi huɗu ne cikin akwatin. Biyu na motoci, ɗaya ta zuwa, ɗaya ta komowa, da bango a tsakaninsu. A gefe kuma akwai biyu, ɗaya bisa ɗaya: ta sama ta masu keke, ta ƙasa ta masu tafiya da ƙafa. Masu keke da masu ƙafa ba su bin gangaren motoci. Suna sauka ne da wata matakala mai tafiya da kanta. Mutum ya tsaya kawai, riƙe da kekensa, ita ta kai shi ƙasa. Matakan na katako ne. An lulluɓe bangaye da ƙananan fale-falen yumɓu gasasshe masu ƙyalli, waɗanda magina ke ce ma karo. Hasken fitilun hanyar motoci kuwa ruwan goro ne. Direban Rotardam ko daga barci ya farka ya ga wannan haske, ya san inda yake.

Saura iska. Masu haƙar rijiya sun san in rami ya yi zurfi numfashi na wuya, wani lokaci ma fitila ta mutu. To, ina ga ramin da motoci ke zuba hayaƙi a ciki dare da rana? Don haka aka gina dogon gini a kowace gaɓa, wanda ya fi mita 30 tsawo, da hular jan ƙarfe wadda ta rikiɗe ta koma tsanwa saboda daɗewa. Cikin gine-ginen nan akwai manyan fankoki. Suna tura iska mai kyau, suna janye gurɓatacciya. Iskar na bi ta wasu lunguna da ke ƙarƙashin daɓen da motoci ke takawa. A cikin waɗannan lunguna, inda idon direba ba ya kai, ciwon ya ɓuya.

Gishiri ne ya ci ta

A Holan, lokacin ɗari, ruwa na daskarewa bisa hanya, ta yi santsi kamar an zuba kuɓewa. Sai hukuma ta riƙa watsa gishiri bisa hanyoyi, don gishiri na narkar da ƙanƙara. Dabara ce mai kyau, tana hana haɗari. Amma tayoyin motoci na kwaso ruwan gishirin su shigo da shi cikin ramin. Ruwan ya bi ta ƴan tsage-tsage, ya tsiyaya ƙasa. Bana kaɗan, baɗi kaɗan, har shekara 70 da ɗoriya.

Mata sun san abin da ke samun kwanon ƙarfe in aka bar gishiri mai laima a cikinsa. Tsatsa ta ci shi, ya huje. To, haka ya faru a nan. Kankare mai lafiya yana tsare ƙarfen da ke cikinsa, ba ya barin tsatsa ta kama shi. Amma in gishiri ya ratsa ya iske ƙarfen, wannan tsaro ya ƙare. Kuma ga muguntar tsatsa: ƙarfen da ya yi tsatsa kumbura yake yi. In ya kumbura sai ya tura kankaren daga ciki, ya tsage, ya ɓanɓare. Tsagar ta ba sabon ruwa hanya. Ƙarfen ya ƙara ci, ya sirance. Alhali shi ne ke riƙe da ginin, kamar yadda azara ke riƙe da rufin soro.

Da injiniyoyi suka shiga lungunan suka duba da kyau, sai suka iske ɓarnar ta yi nisa a daɓen motoci da kuma gindin akwatin. Daga sama kome lafiya lau, karo na ƙyalli, motoci wajen 75,000 na wucewa kowace rana. Daga ƙasa kuwa gini na ruɓewa. Kuma kada ku manta abin da ke bayan bangon: kogi ne.

Ciwo na biyu

Akwai wata matsala kuma, ita ce wuta. Ran 24 ga watan Maris 1999 wani kamyo ɗauke da garin alkama da man shafa ga burodi ya kama wuta cikin hanyar da ta huda dutsen Mont Blanc, tsakanin Faransa da Italiya. Wutar ta yi fiye da kwana biyu tana ci. Mutum 39 suka mutu, kuma yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su. A fili hayaƙi sama yake tashi. Cikin rami ba shi da wurin zuwa, sai ya bi hanya ya iske mutane cikin motocinsu.

Bayan wannan masifa da wasu irinta, ƙasashen Turai suka yi sabuwar doka a 2004. Holan ma ta yi tata, mai tsanani, ta ba tsoffin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa wa'adi zuwa 2019. Dokar na son hanyar tsira ga mutane, da fankokin da za su iya korar hayaƙin gobara, da ido bisa hanyar dare da rana. Fankokin 1942 an yi su ne don hayaƙin injin mota. Ba su da ƙarfin kamyo mai ci da wuta.

A 2012 kuma gwamnati ta sa hanyar cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Ma'anar haka, ba mai ikon sake mata kama yadda ya ga dama. Mu ma mun san irin wannan. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, kuma in za a yi ma hasumiyar masallacinsa yaɓe, da ƙasa ake yi, irin ta kakanni, ba a shafa mata siminti don an ga ya fi sauƙi.

Kun ga ke nan doka biyu na jan igiya guda. Ɗaya ta ce a sake, don ran mutane. Ɗaya ta ce kada a taɓa, don tarihi. Kowace na da gaskiyarta. Da an bi ta farko ita kaɗai, da an kankare kome, an liƙa farin allo a bango, an sa farar fitila, hanyar ta zama kamar kowace. Da an bi ta biyu ita kaɗai, da wata rana an rufe ta, ko kuwa a yi asarar rayuka. Sai injiniyoyi da masana tarihin gini suka zauna tare. Suka ɗauki kayan hanyar ɗaya-ɗaya. Kowane abu suka yi masa tambaya biyu: in aka bar shi, zai cuci wani? In aka cire shi, mutane za su gane hanyarsu?

Wa za a hana wucewa?

Kafin a ɗaga guduma sai da aka warware wata magana mai zafi. Ba a iya rufe hanyar duka shekara biyu, birnin zai shaƙe. Sai aka ce a rufe rami ɗaya a gyara, ɗayan ya ci gaba da aiki, in an gama a juya. To, rami ɗaya na ɗaukar masu tafiya waje ɗaya ne kawai. Su wa za a bari, masu zuwa arewa ko masu zuwa kudu?

Aka zaɓi masu zuwa arewa. Babban dalili shi ne babbar asibitin birnin, wadda ake kira Erasmus, tana arewa, dab da bakin hanyar. Mara lafiya da aka ɗauko daga kudu, ko mace mai naƙuda, bai kamata su yi zagaye ba. Mai komawa gida kudu kuwa ya yi haƙuri, ya bi ta gada ko wata hanyar. Daga watan Yuli 2017 haka aka yi, shekara biyu cur. An yi gunaguni, ba shakka. Amma a ganinmu wannan zaɓi ya yi daidai, don an auna wahalar mai lafiya da ta mara lafiya, aka san wadda ta fi nauyi.

Aikin ɓoye da aikin fili

Inda ido ba ya gani, ba a ji tausayin tsohon abu ba. Aka fasa daɓen motoci aka fitar da shi. Gindin akwatin ya bayyana. Nan aka yi wata dabara da ta cancanci a faɗe ta. Ba a sa guduma mai girgiza ba, don girgiza na iya tsaga kankare mai lafiya, ga kuwa kogi a waje. Ruwa aka sa. Wani inji ne mai feso ruwa da ƙarfin gaske, ƙarfin da ke farfasa kankaren da gishiri ya shiga, ya bar sandunan ƙarfe tsaye, a wanke. Ruwa ya kawo ciwon, da ruwa kuma aka fiɗe shi. Aka ƙarfafa wurin, aka zuba sabon kankare, aka shimfiɗa sabon daɓe.

Aka sa ma rufin abin da ke jure zafin wuta. Aka rataya sababbin fankoki cikin ramin kansa. Su aikinsu dabam ne da na tsoffin. In gobara ta tashi, suna tura hayaƙi gaba, wajen da motoci suka nufa. Waɗanda ke gaban wutar su taka mota su fita. Waɗanda ke bayanta su sauka, iska mai kyau na busowa daga bayansu, su bi ta ƙofofin tsira da ke cikin bangon tsakiya su shiga ɗayan ramin. Aka sa kamarori, da lasifika, da sandunan tare hanya a baki. Akwai ma'aikata zaune a wani ɗaki suna kallo dare da rana. Mota ta tsaya, sun gani.

Inda ido ke gani kuwa, nan aka bi a hankali kamar mai ɗinkin tsohuwar riga ta gado. Karon da ke da lafiya aka bar shi a wurinsa, aka wanke. Wanda ya fashe aka yi masa sabo mai launi da girma irin nasa, don kada bango ya fito da tabo-tabo. Dogayen gine-ginen iska ma aka gyara su bisa kamarsu ta asali.

Maganar fitila ita ta fi daɗin ji. Tsoffin fitilun sun ƙare zamaninsu. Na zamani, waɗanda ake kira LED, irin na cikin tocilan da muke saye a kasuwa yau, ba su cin wuta da yawa, kuma suna daɗewa. Amma haskensu da aka saba gani fari ne. Masana tarihi suka ce in aka sa fari, an kashe hanyar. Masu kashe gobara kuma suna da tasu hujja: cikin haske ruwan goro ido ba ya rarrabe launi da kyau, ga shi mai ceto na bukatar ya gane jini, ya gane mai. Sai aka yi fitilu na musamman. Kullum suna ba da haske ruwan goro, kamar da. Ranar da haɗari ya faru, sai su juye su koma fari. Kowa ya samu abin da yake so, ba wanda aka kayar.

Nawa aka kashe? Kuɗin da aka ware ma aikin Yuro miliyan 262 ne. A kuɗinmu na sefa, wajen miliyar 172 ke nan. Kuɗi ne masu yawa ƙwarai, ko ga ƙasa mai arziki. Wani zai ce da an bar maganar launin karo da na fitila, da an rage. Wataƙila an rage wani abu. Amma babban nauyin aikin na ƙasa ne, wajen kankare da ƙarfe da kayan tsaron rai, kuma wannan ba makawa sai an yi shi, ko da tarihi ko babu. Abin da ya sa ya yi nauyi haka shi ne gishirin ya samu shekaru masu yawa yana aikinsa cikin duhu.

Ran 19 ga watan Agusta 2019 aka buɗe ramukan motoci biyu duka. Masu zuwa kudu suka daina zagaye. Bayan haka aka koma ga hanyar masu keke da ta masu ƙafa. Matakalan nan masu tafiya da kansu, da sauƙi a tumɓuke su a sayo sababbi na ƙarfe, irin waɗanda ke ko'ina cikin Turai. Ba a yi ba. Aka kwance su, aka gyara abin da ya lalace, aka mayar da su da matakansu na katako. Yaron da ke sauka da kekensa zuwa lakkol yau, matakalar da kakansa ya hau zuwa aikin tasha ita yake hawa.

Jama'a, lokacinmu ya cika. Malamai su taimaki ɗalibai su sake karanta lambobin da ke cikin hirar nan, su rubuta su bisa allo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.